Takalman da Aka Binne Dulo da Su

Ermita, Manila
18 ga Satumba

Zuwa ga yayata, Manay Salvacion,

Gaisuwa mai yawa tare da girmamawa. Ina fata wannan takarda za ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da dattijon zuriyarmu Manoy Igme da iyalinsa, da duk wanda ya rage a gidan kakanninmu a Santa Ursula. Ni ma ina nan lafiya, godiya ga Ubangiji, in ban da gwiwa da ta fara gardama da matakala. Muryar dai tana nan, ta yi kauri amma ba ta gudu ba.

Ni ne Crispulo ɗan Mamerto, wanda kuke kira Pulong, jikan ƙanin kakanki. Rabona da gida shekara goma sha tara, tun jana'izar mahaifiyata. Na san mai dogon shiru irin nawa ba ya buɗe baki sai da bukata, kuma ba zan yi miki ƙarya ba, bukata ce ta sa na ɗauki alƙalami.

Kin san sana'ata, ko da ba a faɗarta da ƙarfi a gida. Shekara arba'in da ɗaya ke nan ina waƙa a gidajen rawa, da sunan Kris Alon. Na fara da wanke kofuna a wata mashayar matuƙan jirgin ruwa, na yi Okinawa, na yi Guam, na yi Hong Kong, na dawo Kulob Marikit inda nake har yau. A ranar da na fara hawa dandali da farin kwat da jan-baki, wani mashayi ya yi mini ihu daga baya, “Kai, bakla, ɗan daudu!” Na ce masa, “Na'am, maigida, ni ne. Wace waƙa kake so?” Aka kwashe da dariya, shi ma ya yi. Tun daga ranar ban sake ɓoye wa kowa cewa ni namiji nake so ba.

Namijin kuwa ɗaya ne, Teodulo Macaraeg, mai kaɗa mini piyano, wanda kowa ke kira Dulo. Shekara talatin da ɗaya muka yi a ɗaki guda, a saman wani shagon ɗinki. Ya rasu shekara biyar da suka wuce. Danginsa na Pangasinan sun sallama shi tun yana saurayi, saboda haka na sa shi a maƙabartar gwamnati, cikin kaburburan bango masu hawa-hawa. Wa'adin irin waɗannan shekara biyar ne, ba a ƙarawa. Ranar ashirin ga Nuwamba za su buɗe, su zuba ƙasusuwansa a buhu, su tara shi da waɗanda ba su da kowa.

Roƙona shi ne ki ba ni izini in kawo shi kabarin zuriyarmu, tunda mabuɗin yana hannunki.

Akwai kuma abin da ya kamata ki sani. Na binne shi da takalmi. Na san abin da tsofaffi suke cewa, ba a sa wa mamaci takalmi don kada a riƙa jin takunsa. An faɗa mini a wurin, na ƙi ji. Sababbi ne, baƙaƙe, na saya masa don bikin cikarmu shekara talatin a Marikit, bai kai ga sa su ba. Tun daga lokacin, kullum ƙarfe uku na rana, lokacin da muka saba gwajin waƙa, ina jin yana hawo matakala. Ban taɓa jin tsoro ba. Na faɗa miki ne don kada ki ce na ɓoye miki wani abu.

Ƙaninki mai biyayya,
Crispulo


Santa Ursula, Sorsogon
4 ga Oktoba

Zuwa ga Pulong,

Na karɓi gaisuwarka, ina kuma mayar maka da wadda ta fi ta. Takardarka ta kwana goma sha ɗaya a hanya. Ina nan lafiya gwargwadon abin da shekara saba'in da huɗu za su bari. Ido ya yi rauni, sai da gilashi biyu nake karatu. Manoy Igme kunnensa na hagu ya toshe, abin da ya ƙara masa ƙarfin murya. An yi ruwa mai kyau, itatuwan pili sun yi 'ya'ya, zan aiko maka da kaɗan idan na sami mai zuwa.

Ba sai ka gabatar mini da kanka ba. Ni ce na koya maka lissafi a aji uku, kuma har yau ban ji muryar da ta kai taka ba a cocin garin nan. Ina yi maka ta'aziyyar abokinka, ko da ta zo a makare.

Game da roƙonka, zan faɗa maka yadda abin yake ba ƙari ba ragi. Mabuɗi yana hannuna, amma kabarin ba nawa ba ne ni kaɗai. Wuri ɗaya tak ya rage a cikinsa, kuma naka ne. Mahaifiyarka ta sa ni na ɗora hannu a kan littafin addu'arta na yi alkawarin ba zan bari a sa kowa a wurin ba. Abu na biyu, mutumin nan baƙo ne ga waɗanda ke kwance a can, ba a taɓa sa wanda ba jininmu ba sai wanda aure ya kawo. Zuriya za ta taru ranar ɗaya ga Nuwamba, Ranar Dukan Tsarkaka, domin wanke kabari da kunna kyandir. A nan zan gabatar da maganar, domin a nan ya dace.

Batun takalmi kuwa, ban ji daɗinsa ba. Shekara talatin da takwas na yi ina koya wa yara kada su yarda da camfi, amma da hannuna na zare wa mahaifina takalminsa a cikin akwati. Akwai abin da mutum ba ya yarda da shi, kuma ba ya gwada shi. Ka je ka sa a yi masa addu'a a coci, ka kuma rage zaman kaɗaici.

Yayarka,
Salvacion Esquilona


Ermita, Manila
16 ga Oktoba

Manay Salvacion,

Ina gaishe ki, ina kuma godiya da amsarki. Lafiyata ƙalau. Ki gaishe mini da Manoy Igme ta kunnen dama.

Na fahimci abin da kika rubuta. Mai ilimi irinki ba ta cewa “a'a” kai tsaye, sai ta ce wuri ɗaya ya rage, ta ce mutum baƙo ne. Baƙo, Manay? Mutumin da ya sayar da agogonsa ya saya mini tikitin jirgin ƙasa na zo jana'izar mahaifiyata, ya raka ni har Santa Ursula, ya zauna kwana uku a masaukin tasha don kada ganinsa ya ɓata wa zuriya rai? Ba ku gan shi ba, domin bai so ku ji kunya ba. Idan wurin nawa ne, to na ba shi. Ni idan na mutu a jefa ni duk inda aka ga dama.

Al'adata ce in karanta masa duk wasiƙar da ta zo, tun yana raye, domin shi karatu yana sa masa ciwon kai. Ban daina ba bayan rasuwarsa. Ranar sha biyu ga wata taki ta iso, na jira ƙarfe uku, na ji ya hawo, na karanta masa ita daga farko har sa hannunki. Da na gama, na naɗe takardar. Sai na ji takun ya juya, ya sauka matakala ɗaya bayan ɗaya, ƙofar ƙasa ta yi ƙara. Yau kwana huɗu ke nan bai dawo ba.

A kulob ma sun lura. Mang Berting, dattijon da ya gaji kujerar Dulo, ya daɗe yana ƙorafin cewa fedar piyano tana sauka da kanta idan ya yi kuskure. Jiya muna gwaji ya tsaya a tsakiyar waƙa yana leƙen ƙasan piyano.

Madam Lucing, mai kulob ɗin, ta ce, “Kai tsoho, me ka jefar?”

Ya ce, “Yau sau uku ina kuskure, Madam, ba wanda ya taka ni.”

Ta ce, “To ka gode wa Allah mana. Ko kana kewar mai gyara maka ne?”

Ya ce, “Wallahi wurin ya yi fili da yawa.”

Sai ta juyo kaina ta ce, “Ke kuma sarauniya, wa ya taɓa ki? Fuskarki kamar kifin da ya kwana a kasuwa. Me kika yi wa mijinki ya yi yaji?” Haka take kirana shekara ashirin, kullum nakan rama da abin da ya fi shi zafi. Jiya ban rama ba, sai na sunkuya ina tattara takardun waƙa. Ta dube ni, ta daina dariya, ta ce a tashi gwajin.

Shekara biyar ina zaune da takun mamaci ban ji tsoro ba. Shirun nan ne yake ba ni tsoro. Ya ji an kira shi baƙo, ya yi abin da ya saba, ya janye jikinsa don kada a ji kunya.

Ba laifinki ba ne, ni na karanta masa.

Ƙaninki,
Crispulo


Santa Ursula, Sorsogon
3 ga Nuwamba

Zuwa ga Pulong,

Gaisuwa da fatan alheri. Muna lafiya, sai dai sama ta yi baƙi tun jiya, rediyo yana cewa guguwa na tafe daga gabas, maza suna ta ɗaure rufin gidaje.

Ka karanta abin da ban rubuta ba. Ban ce maka a'a ba, na faɗa maka abin da ke gabana ne. Amma na sake duba kalmar nan ta “baƙo”, kuma da zan iya zare ta daga takardar da na zare.

Na gabatar da maganar shekaranjiya kamar yadda na yi alkawari. An wanke kabari, an shafa farin fenti, an baje shinkafa da miyar ganyen gwaza a kan tabarma, mu ashirin da biyu. Da na gama bayani, Manoy Igme ya ajiye farantinsa.

Ya ce, “Wa? Mai kaɗa wa ɗan daudun nan molo?”

Na ce, “Piyano, Manoy.”

Ya ce, “Ko garaya ce! Shi kansa Pulong albarkacin uwarsa zai ci ya shiga nan, shi ne har zai zo mana da ƙari? A kwantar da shi kusa da Mamerto? Mamerto ya tashi ya fasa bangon!”

Matarsa ta ce, “Rage murya, kana tayar da matattun maƙwabta.”

Ya ce, “Su tashi su ji!”

Yara suka yi dariya, manya suka sunkuyar da kai. Kowa ya dube ni, domin ni ce mai mabuɗi. Ban ce komai ba, Pulong. Zan faɗa maka abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba. Ranar da mahaifinka ya same ka a bayan rumbu sanye da mayafin mahaifiyarka kana waƙa, ya karya gora a bayanka, ina tsaye a bakin rijiya da guga a hannu. Ni ce malamarka, da na yi magana da ya saurara. Ban yi ba. Shekaranjiya na sake tsayawa a bakin rijiyar nan.

Na dawo gida ni kaɗai, na bar su a maƙabarta. Na zauna a kujerar falo na sama. Agogon bango ya buga uku. Sai na ji an buɗe ƙofar ƙasa, an fara hawo matakala. Ka san mutanenmu ba sa hawa gida da takalmi, kuma babu mai takalmin fata a unguwar nan sai ranar aure. Wannan takalmin fata ne. Mai shi yana tafe a hankali kamar wanda ya gaji ƙwarai. Ya iso sama, ya tsaya a bakin falon, bai shigo ba. Rana tana haska wurin tarwai, babu kowa. Na yi addu'ar da na iya. Bayan kamar rabin sa'a ya juya ya sauka. Jiya ya dawo, yau ma ya dawo, lokaci ɗaya, wuri ɗaya.

Ka san halina, sai da na ɗauki fensir. Daga Manila zuwa nan kusan kilomita ɗari shida ne. Daga sha biyu ga Oktoba zuwa ɗaya ga Nuwamba kwana ashirin. Kilomita talatin a yini, tafiyar mutum mai lafiya wanda ba ya tsayawa hutu.

Ina da tambaya ɗaya, ka amsa mini da gaggawa. Shin abokinka yana jan ƙafar dama?

Yayarka,
Salvacion


Ermita, Manila
21 ga Nuwamba

Manay Salvacion,

Ina gaishe ki, ina fata guguwar da muka ji labarinta ba ta yi muku ɓarna ba. Ni ina nan. Na daina cin abinci sosai, amma ba ciwo ba ne.

Na jira amsarki har jiya da safe. Ranar Tsarkaka ta wuce da kwana ashirin, ban ga takarda ba. Na ɗauki shirun a matsayin hukuncin zuriya, kuma ba zan sake damun ki da roƙo ba. Wannan wasiƙa don in sanar da ke yadda aka ƙare ne kawai.

Jiya na je maƙabarta da akwatin da nake zuba kayan dandali, wanda ya zaga ƙasashe tare da mu. Madam Lucing ta raka ni, ta sa baƙin gilashi don kada a ga ta yi kuka. Masu haƙa biyu suka fasa bulo, suka jawo abin da ya rage. Ban san mutum yana komawa kaɗan haka ba. Na shimfiɗa farin kwat ɗina a cikin akwatin, na jera ƙasusuwansa da hannuna.

Babban cikin masu haƙan ya ɗago takalman, ya juya su, ya ce, “Maigida, ai ka yi wa mamacin nan rowa. Ko na gwanjo ai sun fi waɗannan.”

Madam Lucing ta ce, “Rufe mana baki, sababbi ne fil, ina wurin aka sa masa.”

Ya miƙo mata. Ba ta karɓa ba, ta ja da baya tana gicciye ƙirjinta.

Manay, ƙasan takalman ya cinye har ya huje. Na dama ya fi lalacewa, gefensa ya goge gaba ɗaya, kamar yadda duk takalmansa suke yi, domin yana jan ƙafar dama tun da keke ya buge shi yana yaro. A cikin hujin kuma akwai yashi, baƙi wuluk, jiƙaƙƙe. Babu baƙin yashi a Manila. Wuri ɗaya na san shi, bakin tekun da muke wasa muna yara. Ban san me zan yi da wannan ba, na ƙi barin zuciyata ta yi tunaninsa.

Yanzu yana nan a ɗaki, a kan kujerarsa. Ƙasusuwan suna nan amma shi ba ya nan. Ƙarfe uku ya yi jiya, ya yi yau, matakala shiru.

Na gaya wa Madam Lucing ranar Asabar, shida ga Disamba, ita ce waƙata ta ƙarshe. Ta zage ni tas, ta ce tsohuwar akuya ba ta ritaya, sannan ta sa a buga sanarwa. Washegari Lahadi na yi magana da wani mai kwalekwale, zai fitar da mu can tsakiyar teku. Tunda ƙasa ba ta da wurinsa, zan ba ruwa shi. Idan lokacina ya yi, na bar wa Madam Lucing wasiyya a kai ni wurin. Ki ba wani jikan Manoy Igme gurbina, kuma ki ɗauka na warware ki daga alkawarin mahaifiyata.

Na gode da lissafin da kika koya mini.

Ƙaninki,
Crispulo


Santa Ursula, Sorsogon
1 ga Disamba

Pulong,

Ina lafiya, kowa lafiya, rufin kicin ne kawai ya tafi. Ka gafarce ni da gajarta gaisuwa, direban bas da zai kawo maka wannan hannu da hannu yana jira a ƙasa. Na kuma buga maka tangarahu da safe, ban yarda da ɗaya kaɗai ba.

Ban yi shiru ba. Na rubuta maka tun uku ga Nuwamba. Guguwa ta cinye gada, jakar wasiƙu ta kwana ashirin da bakwai a gidan waya, jiya suka dawo mini da takardar tare da taka. Ga ta nan na haɗa, ka karanta ta kafin ka ci gaba. A cikinta na yi maka tambaya, ka kuwa amsa ta ba tare da ka gan ta ba.

Bai yi fushi ya tafi ba, Pulong. Nan ya zo. Yau wata guda ke nan, bai fasa ko sau ɗaya ba, har ranar da iska take ɗaga kwanon rufi. Yana hawowa, ya tsaya a bakin falo, ya jira, ya sauka. Na daina jin tsoronsa tun mako na biyu. Abin da ya dame ni shi ne ladabinsa. Na ga masu neman aure da yawa sun tsaya a bakin ƙofar nan a zamanin mahaifina, haka suke tsayawa, ba sa shigowa sai an ce su shigo. Da na gama karanta wasiƙarka jiya, agogo ya buga uku, ya hawo. Na miƙe tsaye, na gyara mayafina, na ce, “Teodulo, shigo ka zauna. Ka sha hanya.” Taku huɗu na ji. Kujerar gora da ke kusa da taga ta yi ƙara.

Daga nan na ɗauki mabuɗi na tafi wurin magini. Mun buɗe gurbinka mun auna. Ƙasusuwan mutum ba sa cin wuri. Za a yi masa ƙaramin akwati a ajiye daga ciki, naka ya shiga daga baya idan Ubangiji ya kira ka. Alkawarin mahaifiyarka yana nan, ba na bukatar ka warware ni. Ta ce kada in ba wani wurinka, ban kuwa ba wani ba.

Manoy Igme ya same mu a can, yana haki.

Ya ce, “Salvacion, kin haukace ne? Da izinin wa?”

Na ce, “Da izinin mai mabuɗi.”

Ya ce, “To ni ba za a binne ni kusa da shi ba!”

Na ce, “Gurbinka yana can ƙarshen bango, Manoy, kuma kunnen hagu za ka ba shi. Ba abin da za ka ji.”

Maginin ya tuntsire da dariya har ya yar da awonsa. Manoy ya tafi yana faɗa, ya ce ba zai sake taka gidana ba. Wataƙila da gaske yake. Na auna wannan ma, na ga zan iya ɗauka.

Ka yi waƙarka ranar Asabar, ka yi ta da kyau. Ka sallami mai kwalekwale. Ranar Lahadi ka hau bas ɗin safe da akwatin, ka ɗora shi a cinyarka, kada ka bari su sa shi a saman mota. Ka ciro farin kwat ɗin daga akwatin ka taho da shi, domin na gaya wa Fada kai za ka yi waƙa a wurin addu'ar, bai ce a'a ba, ban kuma ba shi lokacin faɗa ba.

Mai sassaƙa dutse ya karɓi sunan da ranakun. Ya ce duk wanda ke bangon an rubuta matsayinsa a ƙarƙashin sunansa, wannan uba, wannan 'ya, wannan jika, to shi wannan me za a sa? Na ce ya rubuta “Suruki”. Ya ɗago kai ya ce, “Mijin wacce daga cikinku, Malama?” Na ce masa ya yi aikinsa, wanda ya san gidan zai gane.

Yayarka mai jiran ku,
Salvacion